Darasi na 14: Idan Kare Ya Ci Cakulan

A unguwarmu a Garwa, arewacin Kamaru, akwai wani mai shago da ya ɗauko ɗan kwikwiyo don gadin gida. Wata safiya uwargidansa ta shafa wa yara cakulan a burodi, wanda su ke ce wa shokola, ta bar babbar robar a buɗe a kan tabarma, ta fita raka su bakin titi. Kafin ta dawo kwikwiyon ya lashe robar tas, har murfin ya tattauna.

Ta ce, "Malam, zo ka ga aikin karenka."

Ya ce, "Ƙyale shi, shi ma yau ya sha daɗi."

Bayan azahar sai ga kwikwiyo ya kasa zama wuri ɗaya. Yana haki, yana amai, yana ta zagaya randa don ƙishirwa. Da aka dafa ƙirjinsa, zuciya na bugawa kamar kalangu. Allah Ya sa yana da sauran kwana, likitan dabbobi ya cece shi.

Ga abin da ya jawo haka. Ana yin cakulan ne da 'ya'yan kakawo, irin wanda ake nomawa a kudancin Kamaru. A cikinsa akwai sinadari mai suna tiyoburomin, ɗan'uwan wanda ke cikin kofi da shayi mai hana barci. Jikin mutum na fitar da shi da wuri. Shi kuwa kare sai ya yi kusan awa 17 kafin rabinsa ya fita, saboda haka yake taruwa ya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. Goro ma yana da irin waɗannan sinadarai, don haka kada a bar huhun goro inda kare zai kai baki.

Haɗarin ya danganta da abu uku: nauyin karen, irin cakulan ɗin, da yawan abin da ya ci. Gwargwadon baƙin cakulan da ɗacinsa, gwargwadon dafinsa. Mai madara yana da kamar miligiram 2 na sinadarin a kowane giram, baƙi kuwa 5 ko fiye, garin kakawo tsantsa ya fi su duka. Likitoci sun ce ciwo na farawa daga miligiram 20 a kowane kilo na nauyin kare. Daga 40 zuwa 50 zuciya ta rikice, a 60 sai jijjiga irin ta farfaɗiya.

To, in abin ya faru, fara kwashe ragowar. Ɗauki ledar ko robar ka ajiye, domin a jikinta aka rubuta nauyi da irin cakulan ɗin. Duba agogo. Sannan ka nemi likitan dabbobi nan take, ko da karen yana wasansa lafiya lau. Nan ne mutane ke yin kuskure, domin alamun kan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin su bayyana, alhali awa biyun farko su ne lokacin da likita zai iya sa shi amai ya fitar da abin tun bai shiga jini ba. In ba ka san likita ba, je ofishin ma'aikatar kiwo, MINEPIA, wajen ma'aikatan da ke yi wa shanu allurar rigakafi, ko ka tambayi mai shagon maganin dabbobi ya haɗa ka da shi. Tun yau ya kamata lambarsa ta kasance a wayarka.

Ina roƙonku, kada a yi wa kare ɗuren ruwan gishiri. Gishirin kansa yana iya kashe shi. Manja da madara ba sa karya wannan dafi, sai dai su ƙara masa zawo. Gawayin da likita ke bayarwa na magani ne, ba na murhu ba. Kada kuma ka cusa yatsa a maƙogwaronsa, domin kare mai jin ciwo yana cizon ko da ubangidansa, ga shi cutar haukan kare tana nan a yankinmu. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti.

Abin da za ka iya yi da hannunka shi ne ka sa shi a inuwa, nesa da hayaniyar yara, ka ajiye masa ruwa mai tsabta, ka riƙa sakinsa ya yi fitsari, domin ta nan dafin ke fita. Ciwon na iya kai kwana uku. Dabbar da ke kwana a waje tana tsare maka dukiya tana da hakki a kanka, kuma mun san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Aikin aji: wani kare yana da kilo 10, ya ci baƙin cakulan giram 50. Miligiram nawa na sinadarin ya shiga cikinsa, nawa ke nan a kowane kilo? Rubuta amsar a littafinka, sannan ka rubuta jimla biyu da za ka faɗa wa likita a waya.