Kafin ka ce keke ba naka ba ne, duba sirdinka

Ɗan'uwa sabon zuwa, da wuya ka yi wata guda ba ka sayi keke na hannu don zuwa aiki ko makaranta ba. Sai dai wanda ya sayar maka ya saita shi ne daidai jikinsa. Shi ya sa bayan mako ɗaya gwiwa ke ciwo, yatsu su yi sanyi kamar ba naka ba, har ka fara tunanin komawa bas. Na sha wannan wahalar wata biyu cur, ashe sirdina ne ya yi ƙasa.

Fara da sirdi. Jingina da bango, ka hau, ka ɗora dunduniya kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, to nan ne daidai. Mai son lissafi ya auna daga ƙasa zuwa matsematsinsa, ya ninka da 0.883, hanyar da aka san Greg LeMond da ita, Ba'amurken da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France sau 3. In awon ya ba ka santimita 80, tsakanin tsakiyar gindin feda, wato inda hannayen fedoji biyu suka haɗu a jikin keke, da saman sirdi ya zama kusan 70.6. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa ne; in a bayanta yake, ko ƙugu na rangaji, ya yi sama.

Ka kula da layin da aka zana a ƙarfen sirdi. Kada ka ɗaga har ya bayyana, don ƙarfen na iya karyewa kana tsakiyar titi. Sirdin kuma ya kwanta daidai. In hancinsa ya sunkuya, nauyinka duk kan hannu zai koma.

Sai kan keken. Ni dai a cikin gari na fi son ya kai tsayin sirdi ko ya ɗan ɗara, don ka ga motoci da danja ba tare da wuya ya ƙage ba. Gwiwar hannu ta ɗan saki, hannun birki kuma ya bi layin damtsenka yadda wuyan hannu ba zai lanƙwashe ba.

Don yin wannan saiti, alanki (makullin kwance noti) mai lamba 4, 5 da 6 ya ishe ka. Riƙa matsarwa milimita 5 kacal, ka hau kwana biyu kafin ka sake taɓawa. In ka dace, naɗa salatif a ƙarfen sirdi don ka gane wurin, saboda takalmin hunturu mai kauri zai sa ka sake ɗagawa kaɗan.