Yadda Ake Zaɓen Kibod Mai Makunnai Don Rubutu da Wasan Kwamfuta

Kibod ɗin da aka fi gani a ofisoshi da shagunan buga takardu na Sakkwato shimfiɗar roba guda ce a ƙarƙashin dukkan madannansa, kuma sai an danna harafi ya kai ƙasa kafin ya bayyana a allo. Wanda ake kira makanikal kuwa, kowane madanni da makunninsa, mai ɗauke da sifirin da wasu 'yan ƙarafa da ke haɗuwa tun madannin yana tsakiyar hanya. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke buga kundin kammala karatu da rana, ya koma wasan kwamfuta da dare, zai iya samun kibod guda da zai yi masa ayyukan biyu, muddin ya bi zaɓin daki-daki bai bari fitilu masu launi sun ruɗe shi ba.

Mataki na farko shi ne zaɓen makunni, domin da shi yatsa ke hulɗa. Kamfanin Cherry na ƙasar Jamus ne ya fito da samfurin MX a farkon shekarun 1980, daga baya kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu suka shiga ƙera irinsa da rahusa, kuma galibinsu sun riƙe al'adar bambanta makunnai da launi. Jan makunni yana sauka sumul babu tangarɗa, nauyin da yake buƙata kusan giram 45 ne, kuma harafi yana fita bayan milimita 2 cikin milimita 4 na tafiyarsa. Mai ruwan ƙasa yana da ɗan tudu da yatsa ke ji daidai lokacin da harafin ya shiga. Shuɗi kuma, ban da tudun, yana yin ƙara ƙas-ƙas a kowane danni.

'Yan kasuwa sukan ce ja na masu wasa ne, shuɗi na marubuta, amma wannan rabo ya fi kama da talla. A ganina, wanda zai haɗa rubutu da wasa ya fara da mai ruwan ƙasa, saboda tudun yana rage kuskuren taɓa harafin da ba a yi niyya ba, kuma ba ya hana saurin danni. Shuɗi yana da daɗi a hannu, sai dai mai zama a ɗakin kwanan ɗalibai ko ofishin mutum huɗu zai sha ƙorafi kafin mako ya zagayo. Idan da hali, a zauna a buga sakin layi guda cikakke kafin a biya, a kuma saurari dogayen madannai kamar na tazara da Enter da Shift, domin a nan ne kibod mai arha yake tona asirin kansa da kwaramniya.

Mataki na biyu shi ne wanda mazaunin Sakkwato bai kamata ya yi sakaci da shi ba. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana shigo da ƙura ko da an rufe taga, kuma idan ta sami hanyar shiga cikin makunni, sai a danna harafi sau ɗaya ya fito biyu, ko ya ƙi fitowa sam. A kibod ɗin da aka liƙe makunnansa da dalma, gyaran madanni ɗaya yana nufin a kwance shi gaba ɗaya a wajen mai gyara. Saboda haka a nemi wanda ake zare makunninsa da ɗan hantsaki a soka wani, wanda a jikin kwalinsa ake rubuta “hot-swap”. A tambaya kuma ko ramukansa suna karɓar makunni mai ƙafa 3 da mai ƙafa 5, domin wasu masu arha ba sa karɓar komai sai na Outemu, wanda ƙafafunsa sirara ne. Akwai samfurin Kailh Box da aka ƙera da nufin rage shigar ƙura da danshi, kuma ya dace da yanayinmu. Ko da wane iri aka saya, a haɗa da makunnai kamar 10 na ajiya, tunda ba abu ba ne da za a samu cikin sauƙi a kowane shago.

Na uku, girma. Cikakken kibod yana da madannai 104, har da ɓangaren lambobi na hannun dama, wanda akawu ko mai shigar da sakamakon jarrabawa ba zai iya rabuwa da shi ba. Samfurin TKL ya cire wannan ɓangare ya bar 87, abin da ke ba linzamin kwamfuta filin yawo yayin wasa. Ƙarami mai madannai 61 ba shi da kibiyoyi, sai an haɗa da madannin Fn mai sauya aikin wasu madannai, kuma mai gyaran dogon rubutu zai gaji da hakan tun ranar farko.

A nan ne ya dace a duba tsarin haruffa, tunda kayan Amurka da na Ingila duk suna shigowa Najeriya. Na Amurka madannin Enter ɗinsa a kwance yake, na Ingila kuma dogo ne a tsaye, sannan alamar @ da alamar zance sun yi musanyar wuri. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba daga jikin kibod suke fitowa ba. Ana samun su ne ta hanyar ƙara tsarin Hausa da ke cikin saitin harshe na Windows, ko ta manhajar Keyman, kuma kowane kibod zai yi aiki da su.

Na huɗu ya shafi mai wasa. Ana bukatar kibod ya gane madannai da yawa da aka danna lokaci guda, misali W da A da Shift da na tazara, kuma alamar hakan ita ce NKRO a cikin bayanin kaya. Mai waya, ko mai 'yar na'urar 2.4GHz da ake sokawa a ramin USB, yakan aika saƙo har sau 1,000 a daƙiƙa, yayin da Bluetooth ya fi jinkiri, ko da yake mai rubutu ba zai lura ba. Ni dai na fi karkata ga mai waya wadda ake cirewa, domin zafin Afrilu da ke haura maki 40 ba ya yi wa batir daɗi, kuma waya idan ta lalace sauya ta kawai ake yi. Fitilun kuwa a tabbatar ana iya kashe su, saboda idan an ɗauke wuta daga batirin laftof suke sha.

Hulunan madannai, wato murafan da haruffa ke rubuce a kansu, galibi iri biyu ne. Robar ABS takan yi sheƙi da santsi idan gumi ya daɗe yana taɓa ta, ta PBT kuma ta fi jurewa, don haka idan bambancin kuɗin ba shi da yawa a ɗauki ta biyun.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji ranar karɓar kaya, ko daga kasuwar Farm Centre ta Kano aka sayo, ko daga kasuwar Computer Village ta Ikeja, ko ta intanet. Ana sayar da kibod na roba da aka yi masa kamannin makanikal, don haka a cire hula ɗaya a duba: makunnin gaske irin na MX yana da kai mai siffar alamar tarawa, da launinsa a fili. Daga nan a buɗe manhajar rubutu ta Notepad a danna kowane madanni sau da yawa, a lura ko akwai mai maimaita harafi, sannan a jijjiga wayar a bakin raminta a ga ko haɗin yana yankewa. Idan komai ya yi daidai, a tanadi ƙyalle mai kauri na rufe shi duk lokacin da aka tashi daga aiki, da burushi mai laushi na share tsakanin madannai sau ɗaya a mako har hunturu ya wuce.