Yadda Na Gyara Yankewar Rediyon Tauraron Ɗan Adam a Motata

Motar da na saya a nan Amurka ta zo da rediyon tauraron ɗan Adam, amma da zarar na fita daga gari sai muryar ta riƙa yankewa, alhali a cikin birni tana fita tangaram.

Da na bincika, sai na gane cewa taurarin da ke watsa shirye-shiryen suna tsaye ne saitin layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa, kimanin kilomita 36,000 a sama, saboda haka daga nan ta kudu ake fuskantarsu, kuma siginar tana isowa da rauni ƙwarai, ba ta iya ratsa ƙarfe. A birane kuwa akwai na'urorin da aka kafa a kan dogayen gine-gine suna maimaita siginar, su ne suka ɓoye matsalar.

Mai motar na farko ya liƙa eriyar, 'yar ƙarama mai maganaɗisu, a cikin mota, inda rufin ya tare mata sama. Na mayar da ita tsakiyar rufin daga waje, na bi da wayarta ta ƙarƙashin robar ƙofa a hankali don kada ta matse. Yanzu ba ta yankewa sai a dogon ramin ƙarƙashin ƙasa.