Darasi na Tara: Kafa Esi Mai Gida Biyu da Kula da Shi Cikin Aminci

Ka taɓa ratsawa ta bayan shago a watan Afrilu, ka wuce kusa da akwatin esi na waje? Iska mai zafi ce take bugun fuskarka. Wannan zafin daga cikin shagon aka kwaso shi. Esi ba ya ƙera sanyi, zafi yake kwashewa daga ɗaki ya zubar a waje, kamar yadda ake kwashe ruwa daga kwale-kwale. Wanda ya gane wannan ya gane rabin darasinmu na yau.

Irin esin da za mu yi magana a kansa shi ne mai gida biyu, wanda masu sana'a ke kira sifilit. Gida ɗaya yana manne a bangon ɗaki. Ɗayan yana waje, kuma a cikinsa kwamfiresa take, wadda ita ce zuciyar na'urar. Bututun jan ƙarfe guda biyu ne suka haɗa su, siriri da mai kauri, sai waya, sai tiyon da ke fitar da ruwa. A cikin bututun nan gas yake zagayawa, yana ɗaukar zafi a nan yana saukewa a can.

Akwai irin da ke aiki ta fuska biyu. An sa masa wani bawul mai hanya huɗu da ke juya tafiyar gas, sai ya koma kwaso ɗumi daga waje yana shigo da shi ɗaki. Shi ake kira famfon zafi, kuma da shi gidaje da yawa a Turai da Japan da Sin suke ɗumama ɗakuna. Dubi rimot ɗinka: hoton ƙanƙara na sanyi ne, hoton rana na ɗumi. Da wutar da hita za ta ci ta ba da ɗumi kashi ɗaya, shi yakan ba da kusan kashi uku, domin ɗauko ɗumin yake yi. Ga mutanen Jos da tsaunin Mambila, ko mu nan idan hunturu ya yi tsanani, ya fi kaskon gawayi a rufaffen ɗaki nesa ba kusa ba, tunda iskar gawayi tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Kafa shi da kafa esi na sanyi zalla hanya ɗaya ce.

Wannan darasi na yaron da ke koyon sana'a ne, da kuma mai gida da zai sa a yi masa aiki. Karanta shi ba zai mayar da kai gwani ba. Aikin gas da na wuta sai a gaban ogan da ya ƙware.

Wurin kafawa

Na ciki yana son bango mai ƙwari, a sama, inda labule ko kwaba ba za su tare masa iska ba. Kada a sa shi bisa talabijin ko soket, domin wata rana zai iya ɗigar da ruwa. A daidaita farantinsa da lebul irin na magina. Kafin a huda bango, a tabbata babu wayar wuta ko bututun ruwa a ciki. Hudar kuwa ta ɗan gangara zuwa waje, don ruwan esi ya fita, na damina kuma kada ya shigo.

Na waje yana son inuwa da sarari. Idan aka cusa shi a lungu, zafin da ya fitar shi zai sake shaƙa, ya yi ta wahala yana cin wuta. Yana da nauyi, mutum ɗaya ba ya hawa tsani da shi. A bene, sai da bel na ɗaure jiki, da igiya, da wanda zai hana mutane wucewa ta ƙasa. Idan famfon zafi ne, ka tuna cewa lokacin ɗumama ɗaki na wajen ne ke zubar da ruwa, saboda haka a yi masa hanya.

Bututu, da abin da ido ba ya gani

A nan nake so mu daɗe, domin a nan ake yawan cutar mutane.

Ana yanka bututu da abin yankansa, ba da zarton ƙarfe ba, saboda garin ƙarfe idan ya shiga ciki kwamfiresa zai je ya ci. A riƙe bakin bututun yana kallon ƙasa lokacin gyara shi. A sa noti tukuna, sannan a buɗa bakin ya yi kamar bakin kakaki, sumul, babu tsaga. A fara ɗaura notin da hannu, a ƙarasa da sifana biyu, ɗaya tana riƙewa ɗaya tana ɗaurewa. Ɗauri ya yi yawa, baki ya tsage. Ya yi kaɗan, gas ya tsere. Kowane bututu a sa masa rigarsa ta soso daban.

Bayan haɗawa sai gwajin yoyo. Ana cika bututun da iskar naitirojin, a shafa ruwan kumfar sabulu a kowace mahaɗa, a zuba ido. Inda kumfa ta kumbura, nan ne ɓarakar. Ka riƙe wannan da kyau: ba a taɓa yin gwajin nan da oksijin ɗin masu walda. A cikin kwamfiresa akwai mai, kuma mai da oksijin idan suka haɗu a matse fashewa suke yi kamar bam. Ko da tukunyar oksijin tana kusa, ta naitirojin tana nesa, a je a ɗauko ta nesan.

Sai zuƙe iska. Bututun da aka haɗa yanzu cike yake da iskar duniya da raɓarta. Dole a jona injin zuƙe iska ta geji, wato agogon auna matsi mai allura, a bar shi ya yi aiki minti 15 zuwa 30, gwargwadon tsawon bututu. Masu ma'aunin zamani suna jira sai ya sauka zuwa maikiron 500, wato awon ragowar iskar da ke cikin bututu. Daga nan a rufe geji, a kashe injin, a jira a gani ko allura za ta motsa. Idan ta tsaya cak, sai a buɗe bawul biyu na akwatin waje, gas ɗin da kamfani ya zuba ya shiga.

Na ga abin da tsallake wannan mataki yake jawowa. Yayana ya sayi sabon esi mai doki ɗaya da rabi don shagonsa na ɗinki. Wanda ya zo kafawa bai zo da injin zuƙe iska ba. Da ya gama ɗauri sai ya ɗan buɗe bawul, gas ya yi "fsss" na ɗan lokaci, ya rufe. Na ce, "Oga, ba za a zuƙe iskar ba?" Ya ce, "Malam, ai gas ɗin ya kore ta, haka muke yi." Esin ya yi sanyi a ranar, kowa ya ji daɗi, aka biya shi. Bazara ta biyu ba ta ƙare ba kwamfiresa ta ƙone. Da wani mai gyaran ya zubo man cikinta a murfin gwangwani, baƙi ne wuluk, yana wani wari mai hawa kai. Raɓar da aka bari a ciki ta haɗu da mai ta zama asid, ta yi ta cin wayar kwamfiresa a hankali. Kuɗin sabuwa ya ninka ladan kafawar sau da yawa, kuma abin ya zo ana tsakiyar ɗinkin sallah. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin rabin awa kawai aka ƙi bayarwa. Mai gida, haƙƙinka ne ka tambaya tun kafin a fara: ka zo da injin zuƙe iska?

San gas ɗinka

A jikin akwatin waje akwai takarda da aka rubuta sunan gas da nauyinsa. Koyi karanta waɗannan: R22, R410A, R32, R290. R22 shi ne tsohon yayi. Yana lalata rufin ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, shi ya sa yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Najeriya da Nijar suke ciki, ta sa ake janye shi, kuma ƙasashe masu tasowa za su kusan daina amfani da shi nan da 2030. R410A ya fi shi matsi da wajen rabi, don haka gejinsa da tiyonsa daban ne. R32 yana iya kama wuta. R290 kuwa ɗan'uwan gas ɗin girki ne, tartsatsi kaɗan ya ishe shi.

Ba a gauraya gas biyu, ba a kuma zuba wa na'ura wanda ba nata ba. Ba a shan taba ko kunna wutar walda inda gas ke yoyo, domin ko wanda ba ya kamawa idan ya taɓa harshen wuta yana zama hayaƙi mai guba. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka a buɗe ƙofa da taga. Ruwansa ya fi ƙanƙara sanyi ƙwarai, yana kaiwa digiri 40 zuwa 50 ƙasa da sifili, yana ƙona fata nan take. Sa safar hannu da tabarau. Idan ya zuba a jiki, a tsoma wurin a ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada a murza, a tafi asibiti.

Wuta

Esi yana son layinsa shi kaɗai, da birekarsa, da wayar da kaurinta ya kai abin da littafinsa ya faɗa, da wayar ƙasa mai launin kore da rawaya. Wayar ƙasan nan da wasu ke yankewa su yar, ita ce ke ɗauke wuta idan ta zubo a jikin akwati. Wutarmu bolt 230 ce a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka, don haka sitabilaiza tana da amfani. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, a jira minti 3 kafin kwamfiresa ta sake tashi.

Kashe esi da rimot ba kashe wuta ba ne. Kafin ka buɗe murfi, sauke bireka, ka gaya wa mutanen gida, ka gwada da mita. Kuma kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, ana iya kawo ta hannunka yana ciki. Ko bayan an kashe, kafasita, wato ɗan abin da ke tara wuta a cikin esi, tana riƙe da wuta a cikinta, musamman a esi mai inbata, irin wanda kwamfiresarsa ke rage gudu ko ƙarawa da kanta. Jira minti 10, ka auna, sannan ka taɓa. Idan wuta ta kama wani, kada ka riƙe shi da hannu. Sauke bireka, ko ka ture shi da busasshen katako.

Kulawa

Abin da mai gida zai iya da kansa shi ne wanke raga. Ɗaga murfin na ciki, zaro ragar, wanke ta da ruwa, shanya ta a inuwa, mayar da ita bayan ta bushe. Duk mako biyu, lokacin ƙurar hunturu ma duk mako. Akwatin waje a kashe wuta a wanke haƙarƙarinsa da ruwa marar ƙarfi, ban da wajen wayoyi, a yi hankali don yana yanka hannu. Idan na ciki yana ɗiga, yawanci tiyon ruwa ne ya toshe ko ya lanƙwashe.

Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi. Idan ya ragu, akwai inda yake fita. Alamarsa ita ce sanyi ya ragu, ƙanƙara ta kama siririn bututu, ko ka ga maiƙo a wajen noti. Wanda ya ce a ƙara gas bai nemi yoyo ba, bayan 'yan watanni zai dawo ya sake karɓar kuɗinka. Amma a famfon zafi, idan ana tsananin sanyi ka ga na waje ya tsaya yana fitar da tururi na 'yan mintuna, ƙanƙarar jikinsa yake narkarwa, ba lalacewa ya yi ba.

Idan za a cire esi don sauya gida, ana mayar da gas cikin akwatin waje: a rufe bawul na siririn bututu esin yana aiki, sannan na mai kauri, a kashe na'ura. Sai kwamfiresa ta tsaya cik ake kwance bututu. Idan aka kwance tana aiki, iska za ta zuƙa ta haɗa da mai mai zafi, kuma hakan yana fasa ta a fuskar mai aiki.

Aikin gida

Nemi esi a gidanku, ko masallaci, ko shagon maƙwabci. Da izinin mai shi, ba tare da ka buɗe komai ba, karanta takardar jikin akwatin waje. Rubuta sunan gas ɗin da nauyinsa a littafinka. Dubi rimot, ka rubuta ko akwai hoton rana. Sannan ka rubuta jimla biyu da za ka gaya wa mai kafa esi idan ya zo gidanka babu injin zuƙe iska. Za mu karanta su a aji mako mai zuwa.