Kanikawan jirgin sama: yadda ake kai koke da yadda ake zaman ciniki da patoro

Wanga bayani na kanikawan jirgi ne, ko kana Diori Hamani a Yamai ko kana nan ƙaramin filinmu na Maraɗi inda ba kullum jirgi ke sauka ba. Jirgin da aka gyara ba ya tashi sai mai lasisi ya sa hannu a littafin jirgi cewa ya yarda a maida shi aiki, ke nan duk ƙarfinku ga takarda da sa hannu yake, amma abin mamaki da rigima ta taso sai mutum ya koma baki da baki, na gaya ma shef, shef ya ce zai duba. Wallahi wannan hira ce, ba koke ba.

Ranar da abu ya faru ranar za ka rubuta. Kwanan wata, ƙarfe nawa, lambar jirgi, wa ya ba da umurni, su wa ke tsaye wurin. Ka yi kopi biyu, ka kai biro a buga ma taka hatimi da kwanan watan da aka amsa, ka aje ta gida ba cikin akwatinka na hangar ba, don ranar da aka hana ka shiga ba ka ƙara ganin akwatin nan. Ka haɗa da takardun albashi da na awoyin aiki. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 awa 40 ta sa a sati, abin da ya hau bisa nan ana biyanshi daban, to in ba ka da lissafin dararen da ka kwana ƙarƙashin fiffike da me za ka yi gardama?

Daga nan sai delege, wato wakilin da ma'aikata suka zaɓa. Shi ke ɗaukar koke zuwa ga patoro, kuma doka ta kare shi, ba a korarshi sai insifektan aiki ya amince, shi ya sa gara shi ya shiga gaba ba kai ba. In an yi shiru ko an ƙi, a tafi biron insifektan aiki ya zaunar da ku sulhu, in an daidaita a rubuta a sa hannu, in ba a daidaita ba shi ma a rubuta, da wannan takardar ake zuwa kotun ma'aikata. Kar a tsallake mataki don zuciya, kuma kar a bar koken kuɗi ya daɗe don yana da wa'adi.

Inda nake so a tsaya sosai shi ne koken da ya shafi lafiyar jirgi. An ce ka sa hannu kan aikin da ba ka gani ba, ko piyes bai iso ba an ce a lallaɓa, ko ka yi awa goma sha shida idonka na rufewa an ce saura jirgi guda. Kar ka sa hannu, kuma kar ka cakuɗa wannan da maganar pirim ko konje cikin takarda guda, don da an ga kuɗi a ciki za a ce ai garkuwa kake da jirgi ka samu ƙari. Takardarshi daban, ta bi ta sashen kula da inganci na kamfani, in ta kama har ANAC, hukumar da ke sa ido kan harkar jiragen sama a ƙasar. A 1997 wani bakaniken Alaska Airlines a Amurka ya rubuta a canza wani dogon ƙarfe mai zare da ke juya wutsiyar jirgi, aka soke maganarshi, ranar 31 ga Janairu 2000 jirgin nan ya faɗa teku da mutum 88, bincike ya gano rashin isasshen giris ya cinye zaren. Abin da ya rubuta yana nan cikin dosiye lokacin da masu bincike suka zo.

To sai zaman yarjejeniya tsakanin sandika da kamfani. Aikin na farawa watanni kafin a zauna. A kira reyiniyo, har da masu aikin dare da ake yawan mantawa da su, kowa ya faɗi abin da ke cinshi, sannan a dawo kan kokunan nan da aka tara, su ne hujja. Kar ku shiga da buƙata arba'in. Ku ware uku ko huɗu da ba ku sassautawa, sauran na ciniki ne, kamar dai a babbar kasuwa mai saye ba ya nuna ma ɗan kasuwa hajar da ranshi ke so. Kuma albashi kaɗai ba shi ne yarjejeniya ba, SMIG ma, wato mafi ƙarancin albashi da doka ta yarda, da aka maida jika 42 a 2024 ba ma'auninku ba ne. Ku nemi pirim na lasisi da na kowane irin jirgi da mutum ya samu izinin sa hannu a kai, wa ke biyan horo da sabunta lasisi, hutu tsakanin aikin dare da na safe, kayan kare kunne da hannu, kuɗin tafiya in an turo mutum daga Yamai ya zo Maraɗi ko Damagaram gyaran pan, a duba ana zuba kuɗin CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, da gaske, sannan layi guda baro-baro da ke cewa ba a hukunta wanda ya ƙi sa hannu don lafiyar jirgi. Ku nemi kuma a sa iyaka kan ba wasu kamfanoni na waje aikinku, wannan shi ke cinye guraben aiki a hankali.

A teburi mutum guda ke magana, guda na rubutu, ba a gardama da juna gaban patoro, a nemi hutun minti goma a fita. Duk zama a yi PV, wato takardar abin da aka tattauna, a sa hannu ranar. In an ce kamfani ba kuɗi, ku ce mun ji, a nuna muna lissafi. Haƙuri kuma dole ne, kanikawan kamfanin jirage na Southwest a Amurka sun fi shekara shida suna ciniki kafin su samu yarjejeniya a 2019.

Yajin aiki fa ba abin wasa ba ne. Wani lokaci yana ci, a Satumba 2022 masu ba jirage hanya na ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar ƙasashen Afirka da dama, sun tsaida aiki, jirage suka tsaya cik a ƙasashe da dama. Amma a 2005 kanikawa da masu sharar jirage na kamfanin Northwest a Amurka sama da 4,000 sun fita, ashe kamfani ya riga ya tanadi masu maye gurbinsu, jirage suka ci gaba da tashi, da yawan masu yajin ba su koma aiki ba. Kafin ku fita ku tambayi kanku mutum nawa ke iya sa hannu in ba ku, ku bi sulhu wajen insifekta, ku ba da sanarwa a rubuce cikin wa'adin da doka ta sa, ku nemi uwar ƙungiyarku, USTN ce ko CDTN ko wata, ta san da maganar.

In an cimma matsaya, delege kar su sa hannu tukuna. A dawo a karanta ma jama'a layi layi, a fassara da Hausa da Zabarmanci ga wanda faransancin doka ke ba wuya, a yi ƙuri'a, a tabbata an rubuta ranar da kowane ƙari zai fara aiki, sannan a aje kopi inda doka ta ce, kowane ma'aikaci kuma a tura mishi tashi ko ta WhatsApp ce.