Kurakuran da sababbin malamai ke yi a wasan farautar amsa kan tarihin kwamfuta

Wasan ba shi da wuya: a ɓoye katuna a lungunan aji, kowanne da bayanin wata na'ura ko wani mutum, a raba yara rukuni-rukuni su nemo, su amsa tambayoyi. Amma duk zangon karatu sai masu koyon aikin koyarwa sun ɓata shi.

Don Allah ku daina tambayar "Wace ce kwamfuta ta farko a duniya?" Malami zai rubuta ENIAC, wata katuwar kwamfutar Amurka, a takardar amsa don haka ya gani a tsohon littafi, alhali sai a Fabrairun 1946 aka nuna ta a Jami'ar Pennsylvania. Bajamushe Konrad Zuse ya kammala kwamfutarsa Z3 a Berlin tun 1941. Kwamfutar Colossus ta fara karya saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park, Ingila, a 1944, gwamnati ta rufe labarinta har shekarun 1970, shi ya sa tsofaffin littattafai ba su san da ita ba. A 1973 ma wata kotu a Amurka ta soke haƙƙin mallakar ENIAC saboda aikin John Atanasoff da ya riga ta.

Wannan tambayar ta taɓa jawo mini rigima. Wata yarinya ta rubuta Colossus, wani malami da ke ƙarƙashina ya ja mata jan biro, rukuninta ya rasa kyauta. Washegari mahaifinta ya iso ofis da takardu a hannu, ni aka tura ba da haƙuri, kuma shi ke da gaskiya. Haba malam! Yarinya ta fi ka bincike, sannan ka hukunta ta? Ni ba na barin tambaya ta shiga kati sai an ɗaure ta da wuri da shekara: "Wace na'ura ce ta gudanar da shirin da ke ajiye a ma'adanarta a Manchester a 1948?" Amsa ɗaya, ba gardama.

Haka zancen Charles Babbage. Kada ku rubuta "ya ƙera kwamfuta". Ya tsara injin lissafinsa, Analytical Engine, a takarda tun 1837, ya rasu a 1871 ba a gina ta ba. Bayanan da Ada Lovelace ta wallafa a 1843 na wannan injin ne, wanda ba ta taɓa ganin yana aiki ba.

Kati a saman kabad kuwa, sai yaro ya karye tukuna? Waya, ina karɓewa tun a ƙofa, in ba haka ba kwafe kawai za a sha. Kuma kada mai gudu ya cinye wasan. Maki na ga wanda ya yi bayani da bakinsa.

Haddar shekaru zalla tana kashe aji. Ku ce musu ENIAC ta kai tan 30, da kwalaben lantarki (vacuum tubes) kusan 18,000, su yi muhawara ko za ta shiga ajinsu.