Yadda ake sauke anka a tashar tsibiri

In ka shigo tashar jiragen ruwa irin ta Mindelo a ƙasar Kef Bade (Cape Verde), inda iskar arewa maso gabas ke bugawa da ƙarfi, naɗe filafilan jirgi ka kunna inji. Nemi wurin yashi, don anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, ba ta kama ciyawar ruwa sosai. Fuskanci iska, tsaya cak, sannan ka sauke ankar sannu a hankali jirgi na ja da baya. Kada ka zubo sarƙa tsibi guda, takan nannaɗe ankar ta hana ta nitsewa.

Tsawon sarƙa ya ninka zurfin ruwa sau 5: zurfin mita 4, sarƙa mita 20, kuma ka lissafa da ƙarin zurfin da cikar teku ke kawowa. Daga nan ba inji giyar baya, ɗora hannu kan sarƙa. In tana karkarwa, ankar ba ta kama ƙasa ba, jirgi na jan ta; ɗaga ta ka sake saukewa.